IN AN ƘWACE WAYA, ME ZA A MIƘA WA YARO?

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan da wuya a sauko daga masallacin Juma'a, ko a tashi daga zaman wa'azi, ba a ji an koka da irin ɓarnar da wayar hannu ke yi wa yaran Musulmi ba. Malamai sun yi magana, iyaye sun yi ƙorafi, malaman Islamiyya sun gaji da yi wa yaro tsawa yana gyangyaɗi a kan allo saboda ya raba dare yana kallo. Kukan kuwa na gaskiya ne, babu ƙari a cikinsa. Sai dai abin takaici, kullum a nan maganar take tsayawa. Uba ya fusata ya ƙwace waya ya jefa a aljihu, yaro ya zauna jugum kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya bi uwarsa da naci daga madafa har bakin rijiya, ita kuma da aiki ya sha mata kai sai ta miƙa masa tata don ta samu sa'ida. Kafin kwana 3 an koma gidan jiya.

Abin tambaya a nan shi ne, da aka ƙwace wayar, me aka miƙa wa yaron a madadinta? In aka cire barci da boko da Islamiyya da cin abinci daga cikin awa 24, akwai awoyin da suka rage, yaro kuwa ba tulu ba ne da za a girke shi a lungu ya zauna har a dawo. Waya gurbi ta tarar a buɗe ta shige. Gurbin nan kuwa na yayye ne, wato samarin nan da ke cika sahu a masallaci, suke sayen jarida bayan an sallame, suke da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa a gida. Su ne wannan magana ta shafa kafin kowa.

TARKON DA AKA ƊANA DA GANGAN

Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, abin kallo yana da iyaka. Tashar talabijin sai da yamma take buɗewa, ta rufe da tsakar dare, akwatin ma ɗaya ne a gida ko a layi gaba ɗaya, kuma abin da yaro ya gani babba ma ya gani. Wayar yau ba ta da lokacin rufewa, ba ta da mai gadi, tana shiga har cikin bargo. Bugu da ƙari, manhajojin da ke cikinta irin su YouTube da TikTok da Facebook da tallace-tallace suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar mutum yana kallo gwargwadon ribarsu. Shi ya sa bidiyo bai gama ƙarewa ba wani ya fara da kansa, shafi kuma ba ya da ƙarshe, ko an shekara ana jan sa da yatsa. Na'ura tana lura da abin da ya tsayar da idon yaro, ta ƙaro masa irinsa. Ke nan yaro ɗan shekara 8 yana kokawa ne da ƙwararrun injiniyoyi da aka biya maƙudan kuɗi don su hana shi ajiye wayar. Wanda ya ce masa “ka yi haƙuri ka daina” ya tafi, ya bar shi a filin daga shi kaɗai.

Su kansu masu abin sun farga. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafi marar ƙarshe a 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, ya shaida wa wani ɗan jarida a 2010 cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da iPad ba, kuma ana taƙaita musu na'urori a gida. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018. Ƙasar Sin ta kafa doka a 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba, awa 1 kawai zai yi yana wasan intanet a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ostareliya ta zartar da doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban abin kallo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. A 2020 ta ƙara da cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kullum. Shin mai tuwo ya ce tuwonsa da dafi, sai baƙo ne zai ce a ƙaro miya?

WASA BA BAƘO BA NE A MUSULUNCI

To, a nan ne ya kamata wasu daga cikin 'yan'uwa su yi wa kansu hisabi. Akwai samarin da tun da Allah Ya nufe su da kama addini suka ɗaure fuska a gida, suka ɗauka cewa murtuke fuska shi ne taƙawa. In ɗayansu ya shigo, yara su watse kamar an jefa dutse cikin tsaki. Langa lagawu ce, tatsuniya ƙarya ce, 'yar tsana gunki ce, ƙwallo ɓata lokaci ce. Ya haramta komai, bai kawo komai ba, sannan ya koma ɗakinsa ya kishingiɗa yana latsa tasa wayar, wai yana sauraren karatu. Irin wannan ɗan'uwa, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne ya share wa waya fage.

Tarihin fiyayyen halitta, Manzon Allah (SAW), bai goyi bayan wannan hali ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i ya ruwaito cewa ya tsawaita sujada yana limanci har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasansa ba. Anas bin Malik (RA) yana da ƙane, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzo (SAW) yakan tsaya ya zolaye shi ya tambaye shi labarin tsuntsun. Nana A'isha (RA) ta yi wasan 'yar tsana da ƙawayenta a gidansa, in sun gan shi sun ɓuya don kunya shi yake turo mata su. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sun yi tsere da ita har sau 2, ta wuce shi a na farko, ya rama a na biyu. Habashawa sun yi wasan masu a cikin masallacinsa ranar Idi, ya tsaya ta kalla daga bayansa.

Kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, an mayar da yara gida, aka bar Rafi'u bin Khadij saboda gwani ne a harbi. Sai Samura bin Jundub ya yi ƙorafin cewa ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka haɗa su, Samura ya yi kaye, aka bar shi ma. Abin lura a nan shi ne, samarin Madina sun riga sun san wane ne gwanin harbi, wane ne gwanin kokawa a tsakaninsu, domin da wasan suka tashi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu ba hutawa yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya fara neman dabarar guje wa karatun gaba ɗaya. Wane malamin allo ne bai ga gaskiyar wannan da idonsa ba?

DAGA LA'ASAR ZUWA MAGARIBA

Aikin ba ya buƙatar kuɗi ko ofis ko kwamiti. Abin da yake buƙata shi ne saurayi guda da zai kashe wayarsa ya ba da awa 1. A ranakun da babu Islamiyya, wato Alhamis da Juma'a a mafi yawan garuruwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar. Ya tara yaran layi a fili, ya raba su gida biyu, a yi langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna ana kare yaro guda har ya kai gida. Wasan nan da ake rainawa yana daga cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa, tare da kokawa da dambe. A yi tsere, a yi jan igiya, a yi kokawa a kan rairayi tsakanin tsara da tsara, a buga ƙwallo ko da ta tsumma ce. A nan yaro ke koyon abin da waya ba ta koyarwa: jiran layi, bin doka, karɓar kaye ba tare da zagi ba, da ɗaga wanda aka kayar. In ladan ya kira Magariba kuwa a tsaya cak, ko da ƙwallo tana bakin raga, domin wannan tsayawar ita ce babban darasin ranar. Hadisin Jabir (RA) a Bukhari ya yi umarni da a shigar da yara gida a daidai shigowar duhu, don haka wasan yana da iyakarsa tun daga Sunna.

Fitar nan tana da amfani har ga ido. Likitocin ido sun tabbatar da cewa yaran da ke samun hasken rana a waje sun fi tsira daga matsalar rashin hango nesa, har ma Taiwan ta fito da tsari a 2010 na fitar da 'yan makaranta waje minti 120 a kullum saboda wannan dalili. Iyo ma abu ne mai kyau da magabata suka kwaɗaitar a koya wa yara, amma ban da kududdufi da tsofaffin ramukan haƙar ƙasa, domin kowace damina suna cin rayukan yara, kuma a irin wannan ruwa ake kwasar tsargiya. Inda babu wuri mai aminci da gwanin da zai tsaya a kai, a haƙura.

Kada kuma a manta da ƙanne mata, domin su ne suka fi daɗewa a cikin gida, su ne kuma waya ta fi samu a kaɗaice. Yaya nagari shi ne wanda zai samo musu igiyar tsalle, ya bar su da carafkensu da 'yar tsanarsu da wasan girki a tsakar gida, ya roƙi iyaye su bar ƙawayen kirki su riƙa zuwa, maimakon ya zama dodon da ke korar su.

HANNU YA SAN AIKI

Yaron da ke kallo ci kawai yake yi, ba ya ƙera komai. A da, yaro shi ke haɗa motarsa da kara ko gwangwani da tsofaffin silifa, ya yi mata tayoyi da sitiyari, ya feƙe alƙalaminsa, ya dama tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa ya shanya. Duk waɗannan suna nan, masu koyarwa ne suka ɓace. Yaya ya saya wa ƙanensa tantabaru guda 2, ko kaza, ko zomo, ya ce nasa ne, shi zai ba su ruwa da tsaba, shi zai share musu wuri. Ya cika tsohon buhun siminti da ƙasa da taki, a shuka tumatir ko alayyafo ko zogale, kowane yaro da buhunsa. Wanda ya jira iri ya tsiro, ya jira kaza ta yi kwana 21 a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, ya koyi haƙurin da bidiyon daƙiƙa 15 ke rusawa. In hutu ya zo, a kai wanda ya tasa wurin tela ko kafinta ko mai gyaran keke da aka yarda da amanarsa, ko a tafi da shi gona.

Haka nan hidimar jama'a. Ranar Juma'a da hantsi a tafi da su sharar masallaci da shimfiɗa tabarmi. A je da su gaida mara lafiya, a ɗebo wa tsohuwar da ba ta da kowa ruwa, a kai su gidan gwaggo da kawu da ƙafa, su san dangi da fuska. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, ba su ce a yatsa ba.

BAYAN ISHA'I

Dare shi ne inda waya ta fi cin kasuwa, shi ne kuma inda take cin sallar Asuba, domin yaron firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, wanda ya kai ƙarfe 12 yana kallo kuwa ba zai tashi da daɗin rai ba. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida na minti 30. Yau ƙissar Annabi Yusuf (AS), a yanke ta a daidai inda aka jefa shi rijiya, a ce sai gobe, a ga yadda yara za su riƙa tuni da kansu. Gobe labarin Hijira ko na Bilal (RA). Jibi kacici-kacici da karin magana da gasar karya harshe. A karanta musu Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, a miƙa wa wanda ya iya karatu shi ma ya karanta shafi guda da ƙarfi. A shirya 'yar musabaƙa ta gajerun surori tsakanin yaran gida, kyautar ko da alewa ce ko fensir. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986 ta fitar da mahaddatan da suka yi fice har a ƙasashen waje, kuma kowannensu a gaban wani na gida ya fara buɗe baki.

Masu cewa tatsuniya ƙarya ce su sani, ƙarya ita ce a faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Babu yaron da ya taɓa zaton Gizo da Ƙoƙi maƙwabtansu ne, kuma mai tatsuniya da bakinta take shelanta cewa ƙage ce in ta zo rufewa. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8 na Miladiyya, labaran dabbobi ne, kuma Musulmi sun shekara fiye da 1,000 suna karanta shi. Abin da ya dace shi ne tacewa: a zubar da mai batsa da mai girmama tsafi, a riƙe mai koyar da ƙarshen kwaɗayi da cin amana. A je a roƙi kaka ta buɗe taskarta tun tana raye. Game da wasannin zaune irin su dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, malamai sun yi saɓani, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar ta, sauran wasannin sun ishe shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin caca, da duk wasan da zai sa a jinkirta salla.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Za a ce zamani ya lalace, ana satar yara, gara su zauna a ɗaki da waya. Tsoron iyaye yana kan hanya, ba wanda zai raina shi. Amma wannan hujja ce a kan samari, domin rashin babba amintacce a fili shi ne ya sa aka kulle yaran. A yi abin a sarari, a harabar masallaci ko filin makaranta, da izinin liman da mai unguwa, manya 2 aƙalla a tsaye, a ƙirga yara a farko a ƙirga su a ƙarshe, a raka kowa ƙofar gidansu, kuma kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki ko a lungu ko wane ne shi. Sannan ɗakin da yaro yake shi kaɗai da waya ba amintaccen wuri ba ne, domin ɓarawon da aka rufe wa ƙofa ta nan yake shigowa.

Za a ce ai akwai Alƙur'ani da wa'azi a cikin wayar. Haka ne, kuma babu mai cewa a jefa ta rijiya. Amma tsakanin karatun da batsa tazarar yatsa ɗaya ce, kuma waya ba ta gyara wa yaro mafitar harafi, ba ta ganin lokacin da ya gaji, ba ta shafa kansa in ya yi daidai. In za a saurara, a saurara tare, wayar tana hannun babba, in an gama a kashe.

Za a ce babu lokaci. Ɗan'uwa ya buɗe wayarsa ya duba inda take ƙirga masa awoyin da ya yi a kanta jiya, sannan ya maimaita maganar in zai iya. Wanda ke da awa 4 na jayayya da mutanen da bai taɓa gani ba a Facebook, ba ya rasa awa 1 ga yaron da suka fito ciki ɗaya. Yaro kuwa da ido yake koyo kafin kunne. Duk nasihar da aka yi masa da waya a hannu, wayar yake ji.

Samari da dama suna ɗokin ranar da za su yi wa addini gagarumin aiki, suna maganar gyaran al'umma da ceto ta daga gurɓata. Al'ummar nan tana zaune a tsakar gidansu, shekarunta 7, tana jiran wanda zai kula ta. Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya sayi wannan jarida yau, ya ƙirga yaran gidansu da na maƙwabta kafin La'asar, ya nemo igiya ko ƙwallo, ya bar wayarsa a ɗaki ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in na gida bai tanƙwara ba, akwai na waje da ba ya barci.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, Ya ba samari ikon sauke wannan amana. Amin.